Takardar Sallama

Ranar Talata aka miƙo mini ambulan.
Shekara tara a gidan buga takardu na Wunti
ta ƙare a layi uku.
Na ninke, na cusa a tsakiyar littafin da na fi so,
wanda bangonsa ya sha man gyaɗa,
zaren ɗinkinsa har ya leƙo.

Sauran littattafan sun tafi ɗaya-ɗaya:
wannan ya zama mudun masara,
wancan kuɗin wuta.

Sai Gambo tela ya ja ni firamaren Jahun
inda suke gwajin wasa bayan la'asar.
Bencin yara ne ofis, zanen Asabe labule.
"Kai ne manaja," in ji shi, "muryarka ta dace."
Aka ce a samo takardar kora.
Na ce akwai.

Ranar wasa na miƙa wa Tasi'u ita,
na ce, "Kamfani ya gode da ƙoƙarinka,"
har da gyaran muryar da aka yi mini.
Jama'a suka kwashe da dariya.
Ni ma a bayan labule sai da na riƙe ciki.

Da dare na mayar da ita shafinta.
Ta yi laushi yanzu,
hannu da yawa sun taɓa ta.