Canji

Ubana Ilu ɗan canji ne a bakin Kasuwar Dole,
naira a aljihun dama, sefa a na hagu,
yawu a yatsa, lissafi a ka.
Bai taɓa zama a bencin lakwal ba,
amma kalma guda ta Ingilishi ta ciyar da gidanmu shekara talatin.

Na tambaye shi inda ya tsinto ta.
Ya ce, "A bayan babbar mota ta zo daga Kano,
tsakanin buhun sukari da dilar atamfa.
Ta wuce Daura, ta kwana Matamaye,
ba wanda ya tambaye ta takarda."

Mushe Laminu, da ya koya mana Faransanci,
ya yi dariya har tabarau ya zame masa:
"Su ma Ingilishi aro suka yi,
daga bakin Faransawan dā suka ɗauke ta."
Ashe zagaye ta yi, teku da tudu,
ta iso Damagaram da ƙura a ƙafa,
ta tarar da 'yar'uwarta rubuce a allon aji,
ba su gane juna ba.

A nan ta yi aure, ta hayayyafa.
Mai ƙosai ta ce babu canji, ta ƙara maka biyu.
Inna ta ce in canza riga, baƙi na tafe.
Wata shekara gari ya ɗauka, canji! canji!
daga Birni har Zango,
ubana ya dawo da dasasshiyar murya,
da safe tiyar gero tana nan inda take.

Sai naira ta rame.
Sai idonsa ya soma haɗa ɗari biyar da jaka.
Masu gaisuwa su fito zaure suna raɗa:
"Ilu ya canza."
Wannan ma'anar ba a teburinsa na koye ta ba.

Ran da muka kai shi, na zazzage rigarsa.
Ƙulli uku na tsumma, kowanne da sunansa cikin ajami:
Kyari mai tireda, dala goma.
Falmata, dala huɗu.
Na ukun, "yaron nan mai amalanke".

Na biya biyu kafin sadakar bakwai.
Yaron har yau ina nemansa
a bakin Dole, da canjinsa a hannuna.