Gado Ɗaya, Gado Biyu

A Kilifi, bayan ruwan watan Mayu,
in kududdufai sun kwanta a gindin kwakwa,
jini ne ke zuwa wurina, ba mutane ba.
Ɗigo a kan gilashi, lamba a gefe.
Ni ce mai rina shi,
in kafa ido a madubi in ƙirga baƙin da suka sauka.

Ran Laraba lamba biyu suka zo a jere.
Sai daga baya na san sunansu:
Nyevu, mai shekara shida, da ƙanenta Chengo.
Na ƙirga nata, na ƙirga nasa,
na goge ido na sake ƙirgawa.
Baƙin kusan kai ɗaya.

Kwana biyu, Nyevu ta tashi tana neman tuwon masara,
tana faɗa da ƙuda a kan kofinta.
Chengo kuwa ya sandare,
idonsa a buɗe, bai san mai shafa kansa ba.

Uwarsu Jumwa ta zo tagar ɗakin gwaji,
hannunta na ƙamshin kwakwar da take kankarewa ta sayar.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, nono ɗaya, gidan sauro ɗaya,
har ɓular da ke jikinsa tasu ce su biyu.
Gado ɗaya na shimfiɗa musu.
Me na ba wannan na hana wancan?

Na yi shiru. Ta ina zan faro?
Gadon kwana ɗaya ne, Jumwa,
gadon jini ne aka raba ba ki nan.
Tun suna ƙanƙanta da ba a ganinsu
aka damƙa wa kowa rubutunsa,
rabi daga gare ki, rabi daga mai hawan kwakwa,
kuma wani lokaci harafi ɗaya tak
ya isa ya sauya labari.

Yarinyar ta ɗauko rabin sikila.
Baƙo ya shiga ƙwayar jininta
ya tarar ɗakin ba ya zaunuwa.

Yaron fa, dakarun jikinsa ba ragwaye ba ne.
Kaico, da ma sun ɗan yi sanyi.
Sun ji ɓera a rumbu
suka buga kuge, kuge ya kira kuge,
kowa ya fito da bakin wuta.
Hanyoyin jini suka kumbura, suka yi danƙo,
ƙwayoyi suka maƙale a lungunan ƙwaƙwalwa.
Ɓeran na mutuwa, gaskiya ne,
amma dubi rumbun.

Ko wane harafi ne ya ba su wannan zafin kai?
Ban sani ba tukuna.
Kwalabe na jere a firji suna jiran masu karatu.
Abin da na iya gaya mata ke nan:
ba hannunki ba ne.

Ban gaya mata na Tsuma ba,
yayana, wanda garkuwar nan ta zo masa ninki biyu,
daga uwa, daga uba,
ta zame masa wuƙa a cikin ƙashi.
Bai kai sha huɗu ba.
Ni da na samu rabi, ga ni ina ƙirga.
Sauro ya daɗe yana ciniki da kakanninmu,
har yau ana biyan bashin, ba a tambayi kowa ba.

Daren Lahadi, wajen ƙarfe uku,
nas ta ƙwanƙwasa mini taga:
lamba ta biyu ya ce a ba shi ruwa.
Hannunsa na hagu bai dawo ba tukuna,
da dama ya riƙe kofin,
kofin Nyevu ne, ta kuwa farka ta ce a mayar mata.

Na wanke gilasai, na jera su su bushe.
A waje ruwa ya sake tsinkewa.