Hannu Mai Yatsa Uku

Ni ke riƙe fitila,
Baba ke riƙe magagari.
A layinmu na Herstal, gab da kogin Meuse,
kowane zaure maƙera ne,
hayaƙin kwal kan riga zakara tashi.

Remacle sunansa. Ya ɗanɗana soja da ƙuruciya,
ya ga maza na miƙewa tsaye a fagen fama
don su ɗura albarushi ta baki,
su cusa sanda, su daddaga,
harsashin abokin gaba kuwa bai san "dakata" ba.
Ya ce, "Wa ya ce lallai sai ta baki?
Ƙofar baya ma ai ƙofa ce."

Shekara bakwai yana sarar gindin bindiga.
Ya yi mata murfi mai juyawa kan ƙusa,
ka ɗaga, ka saka, ka rufe, kana kwance.
Sai dai wuta ba ta riƙe amana:
ratar silin gashi ta ishe ta hanya.
Ranar gwaji a bayan coci
huci ya fito ta inda aka hana shi,
ya tafi da yatsu biyu da girar hagu.

Inna ta yi kuka har miya ta ƙone.
Shi ko ya naɗe dungun da tsumma,
ya ce, "Aldegonde, miƙo tagullar can."
Zobe ya ƙera, siriri,
in zafi ya zo ya kumbura, ya toshe kafa.
Harbi ɗari, ko tartsatsi.

Saura takarda.
Takardar mallaka tana Brussels,
kuɗinta ya fi hayarmu ta shekara.
Attajiri Crahay ya zo da safar hannu fara,
ya biya, ya karanto sharuɗɗa da sauri.
Baba bai iya rubutu ba,
ya ja layi biyu masu gilma juna.

Yau sunan Crahay ke jikin kowace ƙota,
na Baba ko a ƙasan kunama babu.

Amma ni na yi zanen da aka kai ofis.
Shafi na huɗu, hoto na biyu,
akwai hannu yana ɗaga murfi.
Magatakarda ya duba ƙusa, ya duba zobe,
ya danna hatimi.
Bai ƙirga yatsun ba.