Gwangwanin Ƙarƙashin Gado

Ɗakina a bayan gidan Alhaji Ɗanmaliki yake, a GRA,
inda ko albasa ta san an shimfiɗa mata kwalta.
Tumatir biyar a shagon bakin layi
kuɗin kwano guda ne a 'Yar Kutungu.
Na yi ƙorafi, mai shago ya ce, "Malama, da haya a ciki."
Ashe tumatir ma haya yake biya.

Asibitinmu na kusa, shi ya zaunar da ni.
Ƙafafuna kyauta Allah ya ba ni,
ɗari ukun mai Napep kuwa
gwangwanin madara ke haɗiye ta kowace safiya.
Na huda masa baki ɗan siriri
yadda zai ci, ba zai amayar ba.

Ranar hutu ni da Saude mu nufi kasuwa,
mu haɗa kuɗin buhu, mu raba da tiya a tsakar ɗakinta.
Ta ce na cika ƙididdiga,
na ce ta cika malala mai a miya.
Busasshiyar kuɓewa daga Inna a Rimi,
daddawa a ƙullin leda, gero tiya shida,
su ne albashina na biyu.

Matan gidan gaba sun fitar da ankon biki,
leshin dubu arba'in.
Na ce ina aikin dare ranar.
Ban yi ƙarya ba, ni na roƙi a musanya min.

Mita mai kati na ƙifta min jan ido kamar mai bin bashi,
sai in kashe fanka, in buɗe taga.
Iskar darbejiyar Alhaji har yau ba a sa mata farashi ba.

Sau biyu na ɓalle gwangwanin:
da ƙanena Ɗayyabu ya karye a babur,
da ranar da raina ya ce tsire ko rigima.
Na biyun ma ban yi nadama ba.

Akwai rabin fuloti can wajen Batagarawa,
ƙaya da shurin gara,
kullum dillali sai ya ce ya ƙara kuɗi,
kamar filin ya san a ƙafa nake binsa.
An ce da yayyafi kogi kan cika,
ba a faɗa mana rana ma tana sha ba.

Daren jiya na girgiza gwangwanin a kunnena.
Takarda ba ta ƙara,
amma ya ɗan fi watan jiya nauyi.
Na tura shi bayan takalman Sallah,
na kunna fanka minti goma.