Taku Huɗu

A Hanstholm daren nan iskar teku ta sha alwashi.
Ni kaɗai ce a ɗakin lura,
kofi ya huce, allo yana ƙifta mini ido.
Can cikin duhu, bayan gonar dankalin Ejvind,
hasumiya ta bakwai tana tsaye da fukafukanta uku,
kowanne ya ninka jirgin kamun kifin mahaifina.

Mai wucewa a mota zai ɗauka sandararru ne.
Ina! Fiffike yana lanƙwasa.
Iska ta taho ta gaba, ta danna shi baya
kamar gora a hannun yaro,
kuma ba kowa a bayan nasa
sai hasumiyar da ta goya shi.
A kowane zagaye bakinsa yakan gifta ta gabanta
da gudun da jirgin ƙasa ba zai kamo ba.
Taku huɗu ne tsakaninsu.
Taku huɗun nan nake gadi.

An ce harshe da haƙori ma suna saɓawa,
to, amma su sukan shirya kafin a wanke kwano.
Waɗannan in sun gaisa sau ɗaya, an gama.
Na taɓa gani, shekara tara ke nan.
Kwana uku Ejvind yana tsintar ɓaraguzai a kunyoyinsa,
ya turo mana guntu guda a baro,
fari, da zaren gilashi cirko-cirko,
ya sauke a bakin ƙofa, bai ce uffan ba.
Har yau da shi muke tokare ƙofar.

Ƙarfe biyu da minti goma.
Ga ta nan.
Na ji ta a tagogi kafin allo ya faɗa.
Taku huɗu ya koma uku.
Uku ya fara zaizayewa.
Idon na'urar da ke manne a jikin hasumiya
ya auna, ya rada wa kwamfuta,
ita kuma ta taɓa injin da ke gindin kowane fiffike:
juya kaɗan.
Ba da yawa ba. Digiri biyar, shida.

Ina yarinya, nakan fitar da hannu ta tagar motar baba.
In na buɗe wa iska tafina, sai ta fizge shi baya,
kafaɗa ta yi ƙara.
In na ba ta gefen hannun,
sai ta ratsa ta wuce, kamar ba ta san ni ba.
Duk karatun da na yi a Aalborg
wannan ne, aka dai ƙara masa lissafi.

Fiffike ya ba ta gefe.
Ta zo da faɗa, ba ta sami ƙirji ba.
A hankali ya miƙe bayansa,
biyu da rabi, uku,
uku da ɗoriya.
Sai a lokacin na lura na riƙe numfashi.

Wuta ta ragu, na sani.
Layin da ke allo ya sunkuyar da kai,
kuma gobe da hantsi Preben na ofishin kuɗi zai bugo waya:
Dorthe, iska irin wannan, muka bar ta ta wuce kyauta?
Zan ce masa iska tana wahalar da mai kayan kara,
mai wayo yakan juya dammin nasa.
Ba zai yi dariya ba.
Zan ce ya zo ya ga abin da muke tokare ƙofa da shi.

Sau goma sha ɗaya ta dawo kafin asuba,
sau goma sha ɗaya aka kauce mata.
Ba wanda ya farka a garin.
Firij ɗinsu bai daina gurnani ba.

Da gari ya waye na fito, gishiri a leɓena.
Ejvind yana kan tarakta.
Ya ɗaga kai ya dubi ta bakwai,
ya ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku,
sannan ya ci gaba da huɗarsa.