Wayar da Ta Goge

Hanci ne ya fara ji, in ji Lantana,
ba ido ba, ba allon agogo ba.
Minti tara da barin Garwa,
Binuwai na ƙasa kamar zaren da ya warware,
sai ƙauri irin na roba a bakin murhu
ya shigo ɗakin tuƙi babu sallama.

Kyaftin Hamajoda bai tambayi daga ina ba.
Takunkumin iska ya fara jawowa,
don mai tari ba ya kiran lamba,
mai hawaye ba ya gane hanya.
Ita tana karanta takarda layi layi,
shi yana kashe wuta ɗaki ɗaki
kamar maigidan da ke neman maciji da dare.
Fankar baya, kashe. Tukunyar shayi, kashe.
Hayaƙin bai ji ba.
Ya yi kauri har ta daina ganin yatsunta.

Suka juya.
Dutsen Tingilin ta hagu, bai matsa don kowa ba.
Mutum sittin da huɗu a baya,
wani yana mitar an ɗauke masa fitila.

Ni ina ƙasa, riƙe da sifana,
na ga jirgin da na sallama ɗazu yana dawowa,
motar kashe gobara na binsa a guje.
Taya ta taɓa kwalta. Gwiwata ta ƙi ni.

Da dare na shiga cikinsa da tocila a baki.
Wayoyi damtse damtse, farare, kowace da lambarta,
na bi su kamar mai tsefe kan amarya
har bayan allo, inda hannu ke shiga da ƙyar.
Ga ta.
Ta jingina da bakin ƙarfe,
kowane tashi ya ɗan goge ta,
kowace sauka ta ɗan ƙara.
Ramin bai kai ƙwayar gero ba,
gefensa baƙi, ya narke, ya daskare.

Na buɗe littafin gyara, na koma ranar Talata.
An rubuta: fis ya faɗo, an mayar, ya zauna.
An rubuta: ɗan wari, an duba, ba a ga komai ba.
Ƙarƙashinsa sa hannu.
Na san wannan lanƙwasar alƙalami,
tun ina aji uku nake yin ta.

Ranar zafi ne, jirgi ya makara,
ana ta leƙo ni ana duban agogo.
Fis ya yi magana, na toshe masa baki da ɗan yatsa.

Lantana ta zo da asuba, muryarta a dishe.
Na miƙa mata guntun wayar a tafin hannu.
Ta juya shi, ta shinshina,
ta ce, shi ne.
Ba ta ƙara ba.

Yana aljihun rigar aikina har yau.
In fis ya faɗo, ba na mayarwa.
Kujera nake jawowa,
in ce a sauke kaya.