Lagireton Aro

A hawan Tula ta yi mini gardama.
Allurar zafi ta haye kan ja, ta kwanta a can,
bonet na huci kamar madambaci.
Na kashe ta, na danne taya da dutse,
na zauna ina jin cikinta yana ɓararraka.
Ga maganin shanu a akwatin ƙanƙara, ruga na jira,
galan biyu na ɗura mata, ƙasa ce ta sha ruwa.

Landirobar Baba ce, ta girme ni da damina shida.
Na gaji aikinsa, na gaji motarsa,
na gaji tarin da take yi da asuba.
Tifar yashi ta ja mu har Kumo da igiya,
muna biye kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Bappayo bai tsawaita gaisuwa ba.
Noti huɗu suka kwance, na biyar sai da guduma.
Shi da yaronsa Lamela suka ciro lagireton
suka jingine shi a jikin dalbejiya.
Ya ce, zo ki karanta.
Wannan ɗigon dalma aikin Bajoga ne, na san hannun.
Nan an matse bututu biyu da filaya, an kashe su da ransu.
Da ya zura tiyo ta sama, sai ga su ta ƙasa:
lakar Gongola, dusar garin kwaki,
guntun sabulu, har da barkono,
duk dabarar da Baba ya yi a daji don ya kwana a gida
ta bi tsakanin ƙafafuna tana wucewa.

Irinsa ya ƙare, in ji Bappayo,
na buga Gombe, na buga Jos, dariya suka yi mini.
Amma akwai mushen tarakta a Pindiga,
kaji na ƙwai a kujerarta,
nata na tagulla ne, ko ɗigo ba ya yi.
Sai dai ya fi gurbin faɗi da yatsa uku,
bakinsa na kallon hagu, injinki na neman dama.
Na ce, zanen aro ai ba ya rufe katara.
Ya ce, wannan sai ga wadda ba ta iya ɗaurawa.

Kwana biyu.
Da tsinken tsintsiya ya yi awo.
Ya yanko ƙarfen tsohon gado ya yi masa kunnuwa,
ya sa ɓallin taya a ƙasa don kada gargada ta tsaga shi.
Wuta ta ɗauke ana tsakar walda, muka ci gyaɗa muka jira.
Tiyon bas ya lanƙwaso daga hagu zuwa dama,
fanka ta so ta lashi fuskar baƙon,
ya matsar da shi kaurin babban yatsa,
ya juya ta da hannu, kunnensa a kusa, yana saurarawa.

Wuyan na tarakta a tsage yake, ba murfi.
Bai tambaye ni ba.
Ya narke dalmar wuyan tsohon, ya ɗora wa sabon,
ya murɗa murfin Baba a kai,
murfin nan da ya taɓa ƙona masa tafi,
tabon da nake bi da yatsa ina ƙarama in barci ya ƙi zuwa.

Sauran, ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli: kilo tara.
Na miƙa wa Lamela kuɗin ban ƙirga ba.

Ran Alhamis na koma wa Tula.
Giya ta ɗaya, ido ɗaya a hanya, ɗaya a allura.
Ta tashi, ta kai tsakiya, ta yi tunani,
ta tsaya.
Na wuce dutsen da na danne taya da shi, yana nan.
A can sama na fito na ɗora tafi a bonet,
ɗumi ne kawai, irin na haƙarƙarin saniya.
Arɗo Gidado ya taso daga inuwa yana gyara sanda,
ya ce, Likita, kin makara da kwana uku.
Na ce, tsohuwa ce aka yi wa dashen ciki.
Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ƙasa a bushe.
Ya ce, to, a kawo mata ruwa?
Na ce, bar ta, yau ba ta jin ƙishirwa.